Daga Indararo Zuwa Rafi: Magudanar Ruwan Tsakar Gida da Kariyar Harsashin Gini a Ƙananan Filayen Kurmin Mashi, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ruwan sama ke sauka a gida, da hanyar da yake bi ya fita, da kuma ɓarnar da yake yi wa harsashin gini idan ya rasa mafita. An ɗauki unguwar Kurmin Mashi da ke arewacin kogin Kaduna a matsayin misali. An bi diddigin tsarin da maginan Hausa na dauri suka bi wajen raka ruwa daga kan soro har zuwa kududdufi ko rafi, sannan aka nuna inda tsarin ya yanke bayan da filaye suka tsuke, siminti kuma ya rufe tsakar gida. An kwatanta wannan hali da na gidajen da ke kan siraran tsibiran yashi na bakin teku, inda matsalar ta fi tsanani. Maƙalar ta dogara ne da rubuce-rubucen masana gine-ginen Hausa, da ma'anonin kalmomi da sunayen unguwanni, da lissafi mai sauƙi, da sanannun ƙa'idojin gini. An kammala da cewa gida mai ƙaramin fili ba ya iya rabuwa da ruwansa shi kaɗai, tilas sai da maƙwabci da lungu da unguwa.

Fitilun Kalmomi: indararo, rariya, harsashi, magudanar ruwa, Kurmin Mashi, maƙwabtaka

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci ɓarnar ruwa a garin Kaduna, abin da ke fara zuwa a zukatan jama'a shi ne ambaliyar kogi, musamman irin wadda aka yi a watan Agustan 2003, da ta daminar 2012 wadda ta game jihohin Nijeriya da dama. Irin wannan ambaliya takan zo da gaggawa, ta cinye gidajen bakin kogi, jaridu su ɗauka, hukumomi su kai ɗauki. Sai dai akwai wata ɓarnar da ba a jin ƙararta, wadda kuma ba ta tsaya ga gidajen bakin kogi ba. Ita ce ta ruwan da ke sauka daga kan kwano ya kwanta a tsakar gida ko a gindin katanga, ya yi ta ratsa harsashi damina bayan damina, har ranar da bango zai tsage, ko katanga ta kwanta a kan masu barci.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin Hausa da batun kwata da lambatu. Amsar ita ce, sanin da Bahaushe ya yi wa ruwa yana ajiye ne a cikin harshensa: a sunayen da ya ba sassan gini, da sunayen da ya raɗa wa unguwanni, da hukunce-hukuncen maƙwabtaka da ya karanta a zaure. Masana irin su Saad (1981) da Schwerdtfeger (1982) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun yi aiki mai zurfi a kan ginin Hausa, tsarinsa da kayan aikinsa da adonsa. Wannan maƙala ta keɓe zare ɗaya ne daga cikin abin da suka shimfiɗa, wato tafarkin ruwa, domin a ga abin da ya same shi a unguwar birni ta yau.

2.0 Kurmin Mashi: Suna, Ƙasa da Ruwa

Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka tsara, aka kuma mayar da hedikwatar Arewa zuwa cikinsa daga Zungeru a 1917. Tsarin farko ya fi kula da bariki da ofisoshi da unguwar Turawa. Unguwannin talakawa kuwa yawancinsu sun tsiro ne a gefe, suka bunƙasa kafin titi da magudana su iso su. Ko da kamfanin Max Lock ya fitar da babban tsarin garin a 1967, yawan jama'a ya yi wa tsarin fintinkau a shekarun da suka biyo baya.

Sunayen unguwannin Kaduna kansu taswira ce ta ruwa ga mai lura. Tudun Wada da Tudun Nupawa suna nuna ƙasa mai bisa, inda ruwa ke gangarowa ya bar ta. Hayin Banki da Hayin Rigasa suna nuna tsallaken kwari ko rafi. Rafin Guza ya faɗi kansa. Ita kuwa kalmar kurmi, a Hausa tana nufin daji mai duhuwar itatuwa, kuma a ƙasar da ba ta da yawan ruwan sama irin ta Kudu, ba a cika samun irin wannan duhuwa ba sai inda ƙasa ke riƙe danshi, galibi a bakin rafi. Kurmin Mashi, wadda ke yammacin tsakiyar gari a gefen babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, tana tarayya a suna da rafin Mashi, ɗaya daga cikin ƙananan rafukan da ke zuba a kogin Kaduna. Ke nan sunan unguwar ya riga ya yi wa mai gini gargaɗi tun kafin ya kafa turke.

Ta fuskar yanayi, Kaduna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, kuma mafi yawansa yakan sauka ne a Yuli da Agusta da Satumba. Ƙarƙashin garin tsohon dutse ne mai tauri, a bisansa kuma akwai jar ƙasa da marmara da yumɓu da suka samu daga ruɓewar dutsen. Irin wannan ƙasa tana ɗaukar nauyin gini sosai idan tana bushe, amma ba ta shan ruwa da sauri kamar rairayi. Idan aka gangara wajen rafi kuwa, sai a tarar da laka ta fadama, wadda ruwan ƙasa ke tasowa kusa da fuskarta idan damina ta yi tsakiya. Saboda haka gidaje biyu a unguwa ɗaya na iya zama a kan ƙasa iri biyu, kuma maganin da ya yi wa na tudu aiki ba lallai ya yi wa na gangare ba.

3.0 Tafarkin Ruwa a Gidan Bahaushe na Dauri

Babu abokin gabar ginin ƙasa kamar ruwa. Wannan ne ya sa maginan dauri, tun daga ƙananansu har manya irin su Babban Gwani Mika'ilu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, suka mayar da hankali a kan hanyar da ruwa zai bi tun daga kan soro. Za a iya kasa wannan hanya zuwa zango biyar.

Zango na farko shi ne saman soro. Ana yi masa ɗan karkata, a shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, domin kada ruwa ya ratsa. Rawanin da ke kewaye da saman yakan tattara ruwan ya kai shi mafita ɗaya ko biyu.

Zango na biyu shi ne indararo. Hikimarsa tana ga tsawonsa: ana turo shi waje sosai domin ruwa ya faɗi nesa da jikin bango. Su kuma bangayen, ana yi musu gindi mai kauri su tafi suna sirancewa zuwa sama, a yi musu yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Dakalin da ake yi a jikin bangon waje wurin zama ne da hira, amma kuma yana tare ruwan lungu daga cin gindin ginin.

Zango na uku shi ne tsakar gida. A da fili ne mai faɗi, wani sashensa daɓe, wani sashen ƙasa tsagwaronta, da bishiya ɗaya ko biyu da ɗan lambun bayan ɗaki. Wani kaso na ruwan a nan yake nutsewa, sauran kuma ya bi gangara.

Zango na huɗu shi ne rariya, wadda a wasu karuruwan harshe ake kira wuriya, wato kafar da ake bari a gindin katanga a sashen da ya fi gangara. Ruwan wanka da wanke-wanke kuwa akan tara shi a kwatami, ba a barin sa ya yi yawo.

Zango na biyar shi ne lungu, wanda ke ɗaukar ruwan gidaje ya kai shi kududdufi. Kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwar ne tun farko, don haka gwargwadon yawan gine-gine, gwargwadon girman ramin da zai karɓi ruwansu. Haka abin yake a tsofaffin birane irin Kano da Zariya. A inda ake da rafi a kusa kuwa, kamar Kurmin Mashi, rafin da fadamarsa su ne masaukin ƙarshe.

Abin lura a nan shi ne, kowane zango yana rage wa na gabansa kaya ko ya sassauta masa gudu, kuma biyu na ƙarshe ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Bayan haka akwai al'adar yaɓen shekara-shekara kafin faɗuwar damina, wadda ke tilasta wa maigida ya zagaya gidansa ya ga inda ruwa ya ci.

4.0 Inda Igiyar Ta Tsinke

Abubuwa huɗu ne suka sauya wannan tsari a unguwanni irin Kurmin Mashi. Na farko shi ne tsukewar filaye. Filin da aka saba yankawa mai ƙafa 50 a 100 yakan rabu biyu ko fiye ta hanyar rabon gado ko sayarwa. Sauye-sauyen mazauni da suka biyo bayan rikicin shekarar 2000 sun ƙara wa unguwannin arewacin kogi cunkoso da tsadar fili, har ya zamana duk taƙin da ya rage sai an ɗora masa ɗakin haya ko shago. Na biyu shi ne rufin kwano, wanda ke zubar da ruwa ta duk tsawon bakinsa, a daidai gindin bango, maimakon ta indararo guda. Na uku shi ne rufe tsakar gida da siminti ko tayil. Na huɗu shi ne cike fadamu da kududdufai da gina su, tare da toshewar lambatu da leda da yashi.

Lissafi kaɗan zai nuna girman al'amarin. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Fili mai ƙafa 50 a 50 yana da kimanin murabba'in mita 232. Idan aka yi mamakon ruwa na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 11,600 ke nan suka sauka a wannan ɗan fili, wato cikin durom 58 masu cin lita 200. A shekara guda kuwa adadin ya kusa lita 280,000. Injiniyoyi sun ƙiyasta cewa rufin kwano da daɓen kankare suna sakin kashi 75 zuwa 95 cikin 100 na ruwan da ya sauka a kansu, alhali ƙasa mai ciyayi ba ta cika sakin fiye da kashi 35 ba. Ashe maigidan da ya shafe tsakar gidansa da siminti don gudun taɓo ya ninka ruwan da yake turawa lungu, kuma ya ƙara masa gudu.

Akwai kuma abin da za a kira tseren ciko. Idan aka gyara titi aka ɗaga shi, ko maƙwabci ya yi sabon gini ya zuba ciko, sai tsohon gida ya koma kwari. Rariyar da aka yi don fitar da ruwa sai ta zama ƙofar shigarsa. Mai hali sai shi ma ya yi ciko ya zarce na kusa da shi, ruwan ya gangara wa wanda ba shi da kuɗin tifar birji. Ta haka ruwan unguwa ke tattaruwa a gidan mafi rauni, sau da yawa gidan gwauruwa ko na marayu ko na tsohon ma'aikaci mai jiran fansho.

5.0 Yadda Ruwa Ke Cin Harsashi

Ruwa na cutar da harsashi, wanda magina ke kira fandisho, ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce zaizaya. Ruwan bakin kwano da ke dukan wuri ɗaya yakan haƙe ƙasar gindin bango har bulon ƙasa ya fito fili.

Hanya ta biyu ita ce tausasa ƙasar da ginin ke zaune a kai. Jar ƙasa ko yumɓu idan sun jiƙe sukan rasa ƙarfinsu, wasu nau'o'in laka ma sukan kumbura da damina su tsuke da rani. Idan ɓangare ɗaya na gida ya jiƙe ɗayan yana bushe, sai ginin ya zauna ba daidai ba. Alamarsa ita ce tsaguwa mai karkata da ke tasowa daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙyauren da ya fara cijewa. Katangar gida ta fi shiga haɗari, domin yawanci ba a yi mata harsashi mai zurfi, ga shi idan aka yi ciko a gefe ɗaya, jiƙaƙƙiyar ƙasar takan yi ta tura ta.

Hanya ta uku ita ce hawan danshi. Bulo da siminti suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan yakan taho da gishirin ƙasa, idan ya bushe sai ya bar farin zartsi, filasta ta yi ta marmashewa, fenti ya ɓare, jirwaye ya zagaye ɗaki daidai gwiwa. Wanda ya sake filasta ko ya manna tayil a jikin bangon ya rufe alama ne kawai, danshin zai ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to amma kafin bango ya tsage, ruwa ya daɗe yana aiki a ƙarƙashinsa.

6.0 Darasi Daga Tsibiran Yashi na Bakin Teku

Domin a fahimci matsalar ƙaramin fili sarai, yana da kyau a dubi inda ta kai maƙura. A gaɓar tekuna da dama akwai dogayen tsibirai sirara na yashi, teku a gaba, tafki ko kogi a baya. Irin wannan ƙasa ce Victoria Island da Lekki a Legas suke kai, inda a da igiyar ruwan Bar Beach kan haura har titin Ahmadu Bello. Yashi na shan ruwa nan take, amma ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, yana kuma hawa da sauka tare da cikar teku. Idan teku ta cika, bututun da aka sa don fitar da ruwa sai ya dawo da shi. Ga filaye a tsuke, ga ƙasa shimfiɗe ba gangara.

Misalai biyu sun isa. A birnin San-Luwi na ƙasar Senegal akwai wani siririn harshen yashi da ake kira Langue de Barbarie, tsakanin kogin Senegal da tekun Atilantika. A watan Oktoban 2003 hukumomi suka yanka masa kafa mai faɗin kimanin mita 4 domin ruwan kogi da ke barazana ga birnin ya samu mafita. Birnin ya tsira a wannan daminar, amma kafar ta yi ta buɗewa har ta kai kilomitoci, teku ta shigo ta cinye ƙauyen Doun Baba Dieye. A tsibirin Mayami Bic na jihar Fulorida a Amurka kuwa, hukumar gari ta ɗaga wasu tituna ta kafa injinan zuƙe ruwa, sai masu gidaje da shagunan da suka koma ƙasa da titi suka shiga kokawa da ruwan da ke gangaro musu.

Kurmin Mashi tana da nisa da teku, tana kuma bisa tudun da ya kai kimanin mita 600, tana da gangarar da mazauna tsibiran yashi ba su da ita. Amma darasi uku sun shafe ta kai tsaye. Rami ba ya shan ruwa idan ƙasar da ke kewaye da shi ta riga ta ƙoshi. Mafita ba ta aiki idan inda za ta zuba ya fi ta tudu. Kuma duk wanda ya kori ruwa daga wurinsa ba tare da ya san masaukinsa ba, ya aika shi ne gidan wani.

7.0 Matakan Kariya a Ƙaramin Fili

7.1 Sanin ƙasa kafin gini. Lokacin duba fili shi ne Agusta, ana tsakiyar ruwa. Rijiyoyin maƙwabta su ne ma'auni mafi arha: inda ake kai hannu a ɗebi ruwa ba guga, harsashi zai zauna cikin danshi. Ana kuma iya haƙa ɗan rami a cika shi da ruwa ya kwana, a sake cikawa a ga saurin shanyewarsa.

7.2 Ɗaga daɓe da yanke danshi. Ya kamata daɓen ɗaki ya fi titi da bakin lambatu tudu, tare da tuna cewa ana iya ɗaga titin nan gaba. Shimfiɗar da ke hana danshi hawa, wadda magina ke kira difisi, ƙa'idarta ta kasance aƙalla santimita 15 a saman ƙasar waje, a kuma sa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zo daga baya a yi ciko ko a shimfiɗa intalok har ya haura difisin.

7.3 Gangara. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ƙasa ta sauka da kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga jikin bango, wato inci 6 a ƙafa 10. Idan daɓen siminti ne, santimita 2 a kowace mita ya wadatar. Inda tsakanin ɗaki da katanga bai kai haka ba, sai a yi siririyar kwata ta kankare a jikin katangar, a karkata daɓen zuwa gare ta.

7.4 Mayar da indararo. A sa wa bakin kwano mazurari mai tattara ruwa, a sauko da shi ta bututu zuwa tanki ko kwata. Tanki mai lita 2,000 a ƙarƙashin rufin murabba'in mita 120 zai cika da ruwan milimita 17 kacal, don haka dole a yi masa bututun rara. Duk da haka yana sassauta wa lungu a farkon mamako, ga kuma ruwan wanki a unguwar da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa.

7.5 Barin ƙasa ta sha. A tsakar gidan da ke kan tudu, barin wani sashe da tsakuwa ko ciyawa ko bishiya, nesa da bango, ya fi shafe shi duka da siminti.

7.6 Magudanar ƙarƙashin ƙasa. Inda ruwa ke tsatsafowa, ana haƙa rami a kewayen harsashi, a shimfiɗa ƙyallen tacewa, a kwantar da bututu mai huji-huji, a rufe shi da tsakuwa. Wani Ba'amurke mai suna Henry French ne ya yayata wannan dabara a littafinsa na 1859. Sharaɗinta shi ne a sami inda za ta zuba wanda ya fi ta gangara, in ba haka ba ta zama matattarar ruwa a gindin gini.

7.7 Iyakar sokawe. A nan ne ƙaramin fili ke bayyana gazawarsa. Ƙa'idar gini ta Ingila ta nemi a nisanta ramin shan ruwa da gini da mita 5. Masana lafiya kuma na neman aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da masai, wasu ma sun ce 30. Fili mai ƙafa 50 kuwa faɗinsa duka mita 15 ne da 'yan kai. Ko da maigida ya kiyaye tazarar a cikin gidansa, masan maƙwabci na iya kasancewa a bayan katangar da rijiyarsa take. Wannan ne ya sa bai kamata a juya ruwan sama cikin ramin masai ba, domin yakan cika shi ya tumbatsa, ƙazanta ta ratsa zuwa rijiyoyi, amai da gudawa su biyo baya.

8.0 Haƙƙin Maƙwabci

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa rabin maganin yana wajen katanga. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a makarantun zaure, ya hana mutum yin abin da zai cutar da maƙwabcinsa, har da haƙa rami a cikin mallakarsa idan ramin zai yi wa maƙwabcin illa. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya a kan gine-gine, ciki har da na indararo da magudanar ruwan sama da ta ƙazanta. Hakim da Ahmed (2006) sun nuna cewa malaman Daular Sakkwato, irin su Alƙali Idris ɗan Khalid na Gwandu, sun yi rubutu a kan irin waɗannan rigingimu na maƙwabtaka domin amfanin alƙalai.

A yau izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, amma rigimar rariya takan fara ne a gaban mai unguwa da limami da dattawan layi. Su ne ke iya sa mutanen layi su yarda da tsayin ciko guda, su hana toshe tsohuwar hanyar ruwa, su kira gayyar yashe lambatu kafin ruwan farko, su kuma tabbatar an kwashe abin da aka yaso maimakon a jibge shi a bakin kwata ruwa ya mayar. Aikin duba-gari na da ma a kan wannan turba yake. Abin da ya rage wa hukuma shi ne manyan magudanai da kwalbatoci, da kare bakin rafin Mashi daga gini da shara, domin nan ne zangon ƙarshe na ruwan unguwar.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa maginan Hausa na dauri sun ɗauki ruwan sama tamkar baƙon da ake rakawa zango-zango, daga laso zuwa indararo, zuwa tsakar gida da rariya da lungu, har kududdufi ko rafi. Tsukewar filaye da rufin kwano da siminti da tseren ciko sun yanke wannan rakiya a unguwanni irin Kurmin Mashi, kuma harsashin gini da rijiyar gida da maƙwabci mai rauni su ne ke biyan kuɗin. An kuma ga cewa gangara da difisi da mazurari da tanki suna kare gida, amma tazarar da sokawe da rijiya ke buƙata ta fi ƙarfin fili mai ƙafa 50, don haka sai an haɗa kai a matakin layi da unguwa.

Ga manazarta Hausa kuwa, akwai aiki iri biyu a gaba. Na farko shi ne tattara kalmomin ruwa da gini daga bakin tsofaffin magina, tare da bambance-bambancensu na karin harshe, a kuma daidaita sababbin da suka shigo irin su difisi da sokawe da kwalbati, domin a iya rubuta wa magini da maigida jagora cikin harshen da suke aiki da shi. Na biyu shi ne nazarin sunayen unguwannin Kaduna da sauran birane a matsayin shaidar yadda ƙasarsu take kafin gini ya rufe ta. Yaron da aka haifa a Kurmin Mashi a yau bai taras da duhuwar kurmin ba, amma danshin da ya rayar da ita yana nan a ƙarƙashin daɓen ɗakinsu.